Tarin hunturu, murar kaji da majinar raƙumi: me bairos ke ara a jikinmu?

Malam Bello: Assalamu alaikum jama'ar gida. Hunturu ya kankama, duk ajin da ka shiga sai tari da atishawa. Ga tambaya zuwa ga masanan da ke cikinmu. Littafin da muke karantar da yara ya ce bairos ba shi iya hayayyafa sai ya shiga jikin mai rai. Wani yaro ya tsare ni: mi ke akwai cikin jikinmu wanda babu shi waje? Abinci ne ko ɗumi? Ina son amsar da za ta gamsar da shi, ba ta cin jarabawa kaɗai ba.

Dakta Asma'u: Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya yi wa yaron albarka, tambayarsa ita ce gindin maganar duka. Ba abinci ba ne. Bakteriya ce mai ci: ka zuba mata romo a faranti a ɗakin gwaji, kafin gari ya waye ta cika shi, domin kayan aikinta cikakku ne. Bairos ko ya shekara cikin romo ba zai zama biyu ba. Ɗan ƙunshin rubutun gado ne kawai, RNA ko DNA, a cikin kwanson furotin, wani da ɗan kitse a lulluɓe a sama. Na mura mai zazzaɓi, wato infuluwenza, rubutunsa guntaye 8 ne, haruffa wajen 13,500, furotin ɗin da yake iya umarni a yi ba su wuce goma sha wani abu ba. Na korona ya fi tsawo, haruffa kusan 30,000. Mu kuwa kowane tantani, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi jiki, yana ɗauke da umarnin furotin kusan 20,000.

Babban abin da ya rasa shi ne ribosom, wanda ke karanta rubutun gado ya harhaɗa furotin. Babu bairos ɗin da ke da nasa. Ka ce wa yaron kamar mutum ne ya faɗa shagon tela da takardar awo kaɗai, ba keke, ba zare, ba yadi, ya tilasta wa tela ya ajiye ɗinkin jama'a ya yi ta ɗinka masa nasa har kayan shago su ƙare.

Sani Mai Kemis: Dakta, na ji bayani, amma ni ganau ne. Mutum ya zo da mura, muryarsa ta dushe, ya sayi Ampiclox, bayan kwana biyu uku ya dawo yana godiya. In maganin bai yi komai ba, godiyar ta mece ce?

Dakta Asma'u: Malam Sani, godiyar ta garkuwar jikinsa ce, kai ka karɓa. Murar yau da kullum tana lafawa da kanta cikin mako guda zuwa kwana 10, kuma mutane sun fi zuwa kemis ranar da ta fi tsanani, wato gab da ta juya. Duba abin da kowane antibayotik ke duka. Dangin fenisilin, irin Ampiclox da Amoxil, bangon bakteriya suke rushewa, bairos kuwa ba shi da wannan bangon. Tetarasaikilin da azitoromaisin ribosom ɗin bakteriya suke toshewa, wanda ƙirarsa ta bambanta da namu. Bairos da namu ribosom ɗin yake aiki. Maganin ya shiga jiki ya rasa abin duka, sai ya huce kan bakteriyar hanji masu amfani, waɗanda suka tsira kuma su koyi jure masa.

Sani Mai Kemis: To ni in na hana, shagon da ke gaba zai sayar. Kuma ai mura tana komawa nimoniya. Wa zai ɗauki alhakin yaron da aka ce a je a sha ruwan ɗumi ya kwana ya rasu?

Sista Hadiza: Nan kam Malam Sani ya faɗi abin dubawa. A ɗakin yara muna ganin haka kowane hunturu. Bairos ya fara cinye tantanin da ke shimfiɗe a hanyar iska, masu 'yan gashin da ke share majina da ƙura, sai bakteriya ta tarar da hanya a buɗe ta sauka huhu. A wannan lokacin antibayotik wajibi ne. Amma akwai alama, ba canke ake yi ba. A ƙirga numfashin yaro minti guda yana kwance lafiya lau ba kuka. Daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50, ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40. In ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki idan ya ja iska, ko ya kasa shan nono, ko zazzaɓi ya sauka ya sake dawowa da ƙarfi, asibiti za a nufa a ranar. Malam Sani, agogo na hannunka. Ƙirga wa uwa numfashin ɗanta ya fi mata kwalin kafso amfani.

Sani Mai Kemis: Ƙirgar zan iya, Sista. Amma sai hukuma ta hana kowa sayarwa ba takardar likita, sannan maganar za ta zauna. Mutum ɗaya ba ya gyara kasuwa.

Umaru: Malama, ni wani gefen ya ɗaure mini kai. In kowane tantani yana da ribosom, me ya sa mura take tsayawa a hanci da maƙogwaro? Me ya hana ta kama fatar hannu, alhali da hannun muke share hanci?

Dakta Asma'u: Madalla Umaru. Saboda aron yana farawa tun daga waje. Bairos ba ya huda tantani da ƙarfi. Dole ya sami makama, wani furotin ko sukari da ke saman tantanin don aikin jiki na kansa, ya riƙe shi. Infuluwenza sukari ne makamarsa, ana ce masa sayalik asid. Akasarin rainobairos, masu kawo murar yau da kullum, waɗanda irinsu ya haura 160, suna kama ICAM-1. Korona ta 2019 tana kama ACE2, furotin ɗin da aikinsa na asali daidaita hawan jini ne. Inda babu makama babu shiga, saman fata kuma matattun tantani ne, ba abin da zai samu.

Riƙon ma bai isa ba. Ƙayar da ke jikin infuluwenza, da wadda ke jikin korona, a ɗaure suke fitowa, sai an yanka su a wani gurbi sannan su iya haɗe fatar bairos da ta tantani. Bairos ba ya zuwa da abin yankan, namu yake jira. Akwai wani furotin mai yanka a hanyar numfashinmu, TMPRSS2, shi ke yi masa wannan aikin. A watan Maris na 2020 masu bincike a Gottingen ta Jamus suka nuna korona na buƙatar ACE2 da TMPRSS2 tare. Murar mutane tana tsayawa a hanyar iska ne domin can mai yanka mata yake.

Hajiya Luba: Dakta, tsaya nan. Kin ce ACE2 na hawan jini ne. Lokacin korona anka yi ta yaɗa cewa masu shan lisinofiril su daina, maigidana har ya ajiye nashi. Gaskiya ta ko ƙarya?

Dakta Asma'u: Hajiya, zato ne aka yi a farkon 2020, an bincika, ba a ga maganin yana ƙara haɗari ba, ƙungiyoyin likitocin zuciya kuma suka ce kowa ya ci gaba da sha. Wancan maganin ACE yake tarewa, ɗan'uwan ACE2 ne amma ba shi ba ne. In Alhaji bai koma kan maganinsa ba, don Allah ya ga likitansa a makon nan.

Dakta Nasiru: Salam. Bari in ɗora kan maganar yanka, domin a wurinmu likitocin dabbobi ita ce bambancin asarar kaza biyar da asarar gona. Murar tsuntsaye iri biyu ce. Mai sauƙi, ƙayarta sai masu yankan hanyar iska da hanji ke iya yanka ta, kaza ta yi ɗan tari, ƙwai ya ragu. Mai tsanani, irin H5N1, ta ƙara wasu 'yan haruffa a gurbin yankan, sai wani furotin mai suna furin ya iya yanka mata. Furin kuwa yana cikin kusan kowace gaɓa: zuciya, hanta, ƙwaƙwalwa, jijiyoyin jini. Shi ya sa za ka ga tukkun kaza da leɓatunta sun yi shuɗi-shuɗi, kai ya kumbura, jini ya kwanta a ƙafafu, ka rufe keji da daddare lafiya, da safe gawa ta fi masu rai. H5N1 ɗin ce aka tabbatar a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, karo na farko a nahiyar Afirka ke nan.

Hajiya Luba: Likita, wanga zance ya taɓa ni, kajin ƙwai nike kiwo bayan Arkilla. Yaran da ke mini aiki kullum suna cikin kashin kaji da ƙura. In ta shigo, Allah ya kiyaye, su ma kamuwa za su yi?

Dakta Nasiru: Amin Hajiya. Za su iya, amma da wuya, kuma dalilin wuyar shi ne abin da Dakta ke bayani. Sayalik asid ɗin nan ɗaurinsa iri biyu ne. Na tsuntsaye ana ce masa 2,3, wanda ya fi yawa a hanci da maƙogwaron ɗan Adam kuma 2,6. Murar tsuntsu ta iya riƙon 2,3, ba ta iya na 2,6 sosai ba, sai ta rasa makama a hancinmu. Matsalar ita ce can ƙasan huhunmu akwai 2,3. Wanda ya shaƙi ƙura mai yawa ta isa can, ciwon da zai yi mai tsanani ne. A Janairun 2007 an tabbatar da wata matashiya ta rasu da ita a Legas. Amma da yake ba ta zama a hanci, ba ta saurin fita da atishawa zuwa wani.

Akwai shinge na biyu a cikin tantanin. Injin da mura ke kwafar rubutunta da shi ba ya tafiya sai wani furotin na mai masauki, ANP32A, ya tallafe shi. A 2016 ɗakin binciken Wendy Barclay a Landan ya gano cewa na kaji ya fi namu tsawo da amino asid 33, wato tubalan da ake harhaɗa furotin da su. Injin murar tsuntsu ya saba da dogon, in ya tarar da namu gajere sai ya yi ta cijewa. Abin da ke hana mu barci shi ne, sauyi ɗaya tak a furotin ɗin bairos mai suna PB2, a gurbi na 627, yana sa ya iya aiki da namu. Duk mutumin da ya kamu, dama ce aka ba bairos ya gwada sa'arsa. Don haka takunkumi da safar hannu da takalmin roba ga yaranki ba don su kaɗai ba ne.

Malam Bello: Ashe shi ya sa anka damu da ta shiga shanu a Amurka.

Dakta Nasiru: Shi ne, Malam. A Maris na 2024 aka tabbatar da H5N1 a shanun madara a Texas. Hantsar saniya tana da makamar da murar tsuntsu ke so, sai bairos ya cika madara. Dafa madara yana kashe shi. Mu da kaji da zabi da shanu ke kwana gida ɗaya, ya kamata mu sa ido.

Alhaji Garba: Salamu alaikum. Ni ba boko gare ni ba, ɗana ka karanta mini. Raƙuma nika saye Illela in kawo ma Rundawa cikin gari. Shekarun baya da munka tahi aikin Hajji anka ce muna kar mu kusanci raƙumi, wai shina da wata cuta. Ni tun ina yaro nike cikinsu, majinarsu ta zuba mini ba adadi, ban taɓa kwantawa ba. Ɗiyata Dakta, shin wagga magana da gaskiya cikinta?

Dakta Asma'u: Wa'alaikumus salam Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Da gaskiya, kuma abin da ka gani da idonka shi ma gaskiya ne. Cutar sunanta MERS, 'yar'uwar korona ce, an fara gano ta a Jidda a 2012, kuma cikin waɗanda aka tabbatar sun kamu wajen kashi 35 cikin 100 sun rasu. Makamarta wani furotin ne, DPP4. A jikin raƙumi yana cikin hanci, shi ya sa raƙumi ɗan majina kawai yake yi ya warke, amma ya yi ta fesa bairos. A jikin mutum ba ya yawa a hanci, can cikin huhu yake. Kamuwa da wuya, in an kamu kuma da nauyi, musamman ga mai ciwon suga, ko ciwon ƙoda, ko tsoho.

Raƙuman ƙasar nan ma suna da ita. A 2015 an gwada raƙuma a kwatar Kano, aka sami bairos ɗin a hancin wasu, akasarin manyan kuma jininsu ya nuna sun taɓa yi. Daga baya aka duba mahautan, aka ga garkuwar jikin wasunsu ta taɓa haɗuwa da shi ba tare da sun san sun yi ciwo ba. Bincike ya kuma nuna irin na Afirka bai kai na Saudiyya ƙarfin hayayyafa a tantanin huhun mutum ba. To ka ga lafiyar da ka samu ba abin mamaki ba ce. Shawarata, Baba: 'yan ƙananan raƙuma masu majina sun fi zubar da shi, a rage shafa hancinsu, a wanke hannu da sabulu, nonon taguwa kuma a tafasa.

Alhaji Garba: Allah shi yi albarka. Tahwasa nono kam sai an yi da gaske, mutanenmu sun ce ɗanye ya fi magani. Amma ina da suga, zan kiyaye.

Sani Mai Kemis: Dakta, tun da ana tone-tone, a yi mana maganar kulorokwin. A Maris ɗin 2020 da shugaban Amurka na lokacin ya ambace shi, kafin mako guda maganin ya ƙare a kasuwa, har a Legas aka kwantar da mutanen da suka sha fiye da kima. An ce masana ne suka gwada ya kashe korona. Daga baya aka ce ba ya yi. Wanne za mu ɗauka?

Dakta Asma'u: Duka biyun sun faru, kuma wannan na cikin abin da ya fi ƙona mini rai a shekarar. Korona hanya biyu take shiga. In akwai TMPRSS2 a saman tantani, nan take a yanka mata ƙaya ta shige. In babu, tantanin ya haɗiye ta cikin wata 'yar jaka mai tsami, a ciki wani mai yankan, katefsin, ya yi aikin, shi kuma sai da tsamin yake yi. Kulorokwin yana rage tsamin jakar. Gwajin farko an yi shi ne a kan tantanin da ake kira Vero, na ƙodar wani biri na Afirka, wanda ake rainonsa a ɗakunan gwaji tun 1962. Wannan tantanin ba shi da TMPRSS2 na a zo a gani, hanya ɗaya ta rage wa bairos, kulorokwin ya toshe ta, sakamako ya yi kyau. Da mutanen Gottingen suka maimaita a tantanin huhun mutum, maganin bai hana komai ba, don bairos ta ɗaya hanyar ya bi. A Yunin 2020 babban gwajin RECOVERY na Birtaniya, a kan dubban marasa lafiya, ya nuna haidiroksikulorokwin bai rage mutuwa ba. A watan nan dai gwajin ya nuna dekzametazon, tsohon magani mai araha, ya rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Shi ba bairos yake taɓawa ba, garkuwar jikin da ta wuce gona da iri yake lallashi, shi ya sa bai dace da mai ƙaramar mura a gida ba.

Malam Bello: Dakta, koma kan hunturu. Iyayenmu sun ce sanyi ka kawo mura, boko ya ce bairos. A raba muna gardama.

Dakta Asma'u: Bairos ke kawowa, sanyi ke share masa fage. Tantanin da aka shiga ba ya zama shiru, yana sakin wani furotin, intaferon, wanda ke sa maƙwabtansa su shirya. Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano shi a Landan a 1957, da bairos ɗin mura ma suka yi gwajin. A 2015 ɗakin binciken Akiko Iwasaki a Jami'ar Yale ya nuna a tantanin hanyar iskar ɓeraye cewa a zafin digiri 33, irin na cikin hanci, wannan shirin ya fi rauni kan a digiri 37, rainobairos kuma ya fi yaɗuwa. A 2019 suka nuna busasshiyar iska tana rage wa 'yan gashin nan ƙarfin share majina. Sanyin asuba, bushewa da ƙura, ga rufe tagogi a cunkushe ɗaki ɗaya: hunturun Sakkwato ya haɗa su duka.

Su ma bairos ɗin ba su bar intaferon haka ba. Infuluwenza tana da furotin NS1 wanda babban aikinsa danne shi ne. Kuma tana da wata dabara da har yau take ba ni mamaki. Duk saƙon da ya fito daga cibiyar tantaninmu zuwa ribosom yana da wata alama a kansa, in babu ita ba a karanta shi. Mura ba ta iya ƙera alamar. Sai ta shiga har cikin cibiyar, ta jira saƙonmu ya fara fitowa, ta guntule kansa da haruffa 10 zuwa 13, ta liƙa a nata. Namu saƙon ya lalace, nata ya samu karɓuwa. Maganin baloksabir da Japan ta amince da shi a 2018 wannan guntulewar yake hanawa. Korona ita tana ƙera tata alamar, amma tana da furotin nsp1 da ke cusa kansa a bakin ribosom ya hana saƙonnin tantani wucewa, har da na neman agaji, nata kuma ya wuce.

Umaru: To Malama, in bairos bai iya komai sai da furotin ɗinmu, me zai hana a yi maganin da zai rufe namun na 'yan kwanaki? Ya zo ya tarar ba abin ara.

Dakta Asma'u: A nan binciken yake yanzu, kuma ni ina cikin masu ganin nan ne mafita. Maganin da ke dukan furotin ɗin bairos, bairos na sauya kama ya kuɓuce, don kwafarsa cike take da kurakurai kuma yana haihuwar dubbai a tantani guda. Maganin amantadin ya tashi aiki a kan mura gaba ɗaya. A tsakanin 2007 da 2009 murar H1N1 ta lokacin kusan duk ta daina jin maganin Tamiflu. Furotin ɗinmu kuwa ba ya sauyawa don bairos ya so. Kuma ƙwayoyi da yawa abu guda suke ara: mura da korona da MERS duk suna amfani da TMPRSS2, magani ɗaya zai iya tare su. Ɓerayen da aka cire musu TMPRSS2 gaba ɗaya sun rayu lafiya, murar H1N1 kuma ta kasa yi musu illa. An taɓa yin irin haka a cutar ƙanjamau: marabirok, da aka amince da shi a 2007, furotin ɗin mutum yake rufewa, CCR5.

Dakta Nasiru: Dakta, a nan zan saɓa miki. Kamostat, maganin da Japan ke ba masu ciwon saifar suga, wato fankiriyas, yana toshe TMPRSS2, ya yi kyau a faranti, da aka ba masu korona a asibiti bai nuna amfanin kirki ba. Da nau'in korona mai suna Omikron ta zo a ƙarshen 2021 ma sai ta rage dogaro da TMPRSS2 ta karkata ga hanyar jaka. Ga kuma misalin kaji. A 2023 Cibiyar Roslin ta Edinbara ta gyara ANP32A a jikin kaji. Da aka sa musu bairos daidai kima, 9 cikin 10 ba su kamu ba. Da aka ninka shi sau 1,000, rabi suka kamu, bairos ɗin kuma ya sauya har ya koyi amfani da 'yan'uwan furotin ɗin, wasu sauye-sauyen ma irin masu taimaka masa ne a tantanin mutum. Kin toshe masa hanya, kin koya masa wadda ta fi haɗari.

Dakta Asma'u: A binciken dai, Likita, da suka cire dukkan ukun, ANP32A da 'yan'uwansa B da E, a tantanin kaza, bairos bai motsa ba ko kaɗan. Kamostat kuma a asibiti an ba da shi ne bayan ciwo ya yi nisa, lokacin da bairos ya gama shiga. Darasin shi ne a toshe wuri fiye da ɗaya, kuma da wuri.

Dakta Nasiru: A faranti ke nan. Kaza mai rai tana buƙatar waɗannan furotin don girmanta, su masu binciken ma sun ce cire ukun zai iya cutar da ita. Abin da bairos ke ara, ba don shi aka halitta ba, aiki yake yi. Ni dai a ba ni rigakafi da tsabtar keji.

Dakta Asma'u: Rigakafi ba mu da saɓani a kansa. Amma ranar da sabuwar cuta ta ɓullo, kafin a yi mata allura watanni ne, a tsakanin me za a ba mutane? Wannan giɓin nake magana.

Sista Hadiza: Tun da an ambaci rigakafi, kada a tashi ba a yi maganar ƙyanda ba, ita ma ta iska ake ɗaukarta. Makamarta ta farko, SLAM, a jikin tantanin garkuwa take, har da waɗanda ke riƙe da tarihin cututtukan da yaro ya taɓa yi. Ta cinye su, sannan ta kama nektin-4 a hanyar iska ta fito da tari. Binciken 2019 a kan yaran Holan da ba a yi wa allura ba ya nuna sun rasa kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na ire-iren kariyar da jininsu ya tara. Shi ya sa yaro zai warke daga ƙyanda, wata biyu a dawo da shi da gudawa ko nimoniya. Allurar kyauta ce, wata 9 da wata 15. Ta biyun ce iyaye ke mantawa.

Hajiya Luba: Likita Nasiru, tambaya ta ƙarshe. In na wayi gari na iske kaji sun mutu da yawa, ƙaƙa zan gane murar tsuntsaye ta ko Niyukasil? Na yi masu rigakafin Lasota.

Dakta Nasiru: Da ido ba a rabewa, Hajiya, ko mu sai an gwada. Lasota ta Niyukasil ce kaɗai, ba ta kare mura. In kin ga mutuwa mai yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a yanka, kada a kai kasuwa, kada a jefar a bola inda karnuka da angulu za su ja. A rufe kejin, wanda ya shiga kada ya leƙa wani, a hana masu sayen ƙwai da masu kwasar taki shigowa. Ki kira ofishin likitan dabbobi na jiha, su za su ɗauki samfur su aika Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom. In wani cikin yaran ya yi zazzaɓi ko jan ido a kwana 10 da suka biyo baya, ya je asibiti ya faɗa musu a bakinsa cewa kaji sun mutu a hannunsa.